Ƙaramar Sakandare da Ɗaliban da Natsuwa da Karatu Suke Yi wa Wuya

Wannan faɗakarwa ta karkata ne ga wasu ɗalibai waɗanda da wuya a shiga ajin ƙaramar sakandare a rasa su, amma ba kasafai ake kiran halin da suke ciki da sunansa ba, saboda idonsu garau yake, kunnensu yana ji, gaɓoɓinsu ƙalau, kuma idan hira ta yi daɗi a tsakar gida ko a bakin kasuwa ba a rasa jin magana mai ma'ana daga bakinsu. Abin da ya raba su da sa'o'insu shi ne karatu, ko rubutu, ko lissafi, ko tsayar da hankali a kan abu guda har a kammala shi, yana cin ƙarfinsu ninkin-ba-ninkin yadda yake cin na sauran yara, kuma bayan duk wannan wahala sakamakon da suke samu bai taka kara ya karya ba. A bakin iyaye da malamai sunayensu suna da yawa: wannan daƙiƙi ne, wancan kansa ba ya ja, wannan rawar kai ta yi masa yawa, waccan kullum hankalinta yana wani wuri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye hukunci ne da aka yanke tun kafin a yi bincike, kuma galibi a shekarun ƙaramar sakandare ne hukuncin yake manne wa yaro har shi kansa ya gaskata shi.

Ƙaramar sakandare, a Nijeriya, ita ce shekaru uku da suke biyo bayan shekaru shida na firamare, kamar yadda tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ya shata, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kafa masa doka a 2004, waɗannan shekaru uku sun shiga cikin shekaru tara na ilimin da doka ta ce kyauta ne kuma dole ne. A Jamhuriyar Nijar takwararta ita ce kwaleji mai shekaru huɗu wadda ake rufewa da jarrabawar BEPC, a Amurka kuwa ana kiran matakin makarantar tsakiya, inda galibi 'yan shekara 11 zuwa 14 suke zama daga aji shida zuwa na takwas. Sunaye sun bambanta, amma shekarun ɗaya ne, wato lokacin da balaga take kankama, jiki yake sauyawa, yaro ya fara auna kansa da idon abokansa fiye da idon iyayensa.

Matsalar natsuwa da ta koyo ba a ƙaramar sakandare suke farawa ba, a nan ne dai asirinsu yake tonuwa, kuma dalilin yana cikin tsarin makarantar kanta. A firamare yawanci malami ɗaya ne yake riƙe da aji tun safe har a tashi, ya san wanda yake manta fensir, ya san wanda sai an maimaita masa magana sau biyu, kuma ko bai taɓa jin sunan wata larura ba, sabo ya koya masa yadda zai bi da kowa. Da yaro ya shiga aji ɗaya na sakandare sai wannan mutum guda da ya san shi ya ɓace, malamai goma ko fiye su maye gurbinsa, kowanne ya shigo ya yi minti 35 ko 40 ya fita, kowanne da littafinsa da jingarsa da ranar karɓarta. Aikin tunawa da tsarawa wanda a da malami yake yi wa yaro ya koma wuyan yaron kansa a dare ɗaya. Haka kuma a wannan mataki an daina koyar da karatu, an ɗauka kowa ya iya, karatun ya zama hanyar da ake bi a kai ga kimiyya da tarihi da addini, saboda haka wanda bai iya shi ba duka darussa yake faɗuwa a lokaci guda. Masu binciken ilimi a Jami'ar Michigan, musamman Jacquelynne Eccles da Carol Midgley, sun nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa ƙwazon ɗalibai da yawa yana raguwa a daidai wannan tsallake, suka kuma danganta hakan da rashin dacewar tsarin makarantar da buƙatun shekarun. Idan lafiyayyen ɗalibi yana tuntuɓe a wurin, mai larura kifewa yake yi.

Larura ta farko ita ce wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffan ADHD, ma'anarta ƙarancin natsuwa tare da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani. Ba sabuwar aba ba ce da wayar hannu ta kawo, domin wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya bayyana irin wannan rashin tsayuwar hankali a littafinsa na 1798, sannan a 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan game da yaran da basirarsu ba ta da aibi amma sun kasa kame kansu. Alƙaluman da aka tattara daga ƙasashe da yawa sun nuna kimanin yara 5 cikin 100 ne suke da ita, wato a ajin da aka cusa ɗalibai 80 ana iya tsammanin samun huɗu. Ba kowane yaro mai ƙiriniya ake sa wa wannan suna ba. Sharuɗɗan da likitocin ƙwaƙwalwa suke bi, kamar yadda littafin ƙungiyarsu ta Amurka na 2013 ya tsara, sun haɗa da cewa alamomin su wuce wata shida, su bayyana kafin yaro ya cika shekara 12, a gan su a wuri fiye da ɗaya, misali a gida da makarantar boko da Islamiyya, kuma su zama suna cutar da rayuwarsa a zahiri. Yaron da yake zama lafiya lau a gaban malamin Islamiyya da gaban mahaifinsa, sai a darasi guda yake tayar da hankali, to a binciki darasin.

Larurar tana zuwa ta fuska uku: akwai wanda motsi da gaggawa suka fi rinjaye a kansa, akwai wanda rashin natsuwa ne kawai, akwai wanda ya haɗa biyun. Na farkon kowa ya san shi, domin shi ne monita yake rubutawa a jerin masu surutu kullum. Na biyun shi ne abin tausayi, kuma 'yan mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake tsallakewa ta wannan fuska, saboda yarinyar da ta zauna shiru a bayan aji, idonta a kan allo hankalinta ya yi nisa, yabo ma take samu a kan kunya da kamun kai, sai ranar da sakamakon zangon karatu ya fito a ce ai dama ba ta da kai.

Abin da yake faruwa a cikin ƙwaƙwalwa ya shafi sashen gaba, bayan goshi, wanda yake kula da abin da masana suke kira ayyukan jagoranci, wato tsara aiki, da fara shi, da danne sha'awar barinsa, da lura da lokaci. A cikin waɗannan ayyuka akwai tunanin wucin-gadi, wanda shi ne ikon riƙe abubuwa kaɗan a ka na ɗan lokaci ana aiki da su, kamar yadda mai sayar da kayan miya yake riƙe kuɗin tumatir da na attaruhu a ransa yana lissafin canji. Ma'ajin nan ƙarami ne ga kowa, abubuwa kamar huɗu yake ɗauka a lokaci guda, ga mai wannan larura kuwa ya fi saurin zubewa. Idan malami ya ce a fito da littafi, a buɗe shafi kaza, a amsa tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar, a bar ta uku, a miƙa wa monita kafin a tashi, yaron ya ji duka da kunnensa, amma kafin ya gama laluben jaka uku sun zube. Wani bincike da aka yi da hotunan ƙwaƙwalwa a cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, aka wallafa a 2007, ya gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara yana bin hanyar girma irin ta kowa, sai dai yana makara da kimanin shekara uku. Ma'anar wannan ga malamin aji ɗaya ita ce, a gabansa akwai ɗan shekara 12 mai basirar ɗan shekara 12, wanda ikonsa na tsara kansa ya fi kusa da na ɗan aji huɗu na firamare. Binciken tagwaye kuma ya tabbatar da cewa gado ne yake da kaso mafi girma a cikin sababin larurar, sama da kashi 70 cikin 100, shi ya sa sau da yawa uban da yake dukan ɗansa a kan mantuwa, idan aka bi tarihinsa, za a tarar shi ma makaranta ba ta yi masa daɗi ba.

Larura ta biyu ita ce disleksiya, wato wahalar koyon karatu da haɗa baƙaƙe wadda ba ta samo asali daga ƙarancin basira ko rashin koyarwa ba. Likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, shi ya ƙirƙiri kalmar a 1887, kuma a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, wato daidai shekarun ƙaramar sakandare, wanda ya kasa karanta ƙananan kalmomi alhali malaminsa yana cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa da babu wanda zai wuce shi a makarantar. An daɗe ana zaton matsalar ido ce, har ana kiranta makantar kalma, amma binciken baya ya nuna a sauti take: yaron yana wahalar rarrabe ƙananan sautukan da suke cikin kalma da kuma ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Ƙiyasin yawanta ya danganta da ma'aunin da aka yi amfani da shi, galibi dai ana sanya shi tsakanin yara 5 zuwa 10 cikin 100, kuma sau da yawa tana haɗuwa da larurar natsuwa a jikin yaro ɗaya.

A nan ɗan Bahaushe yana da nasa hali na musamman wanda littattafan Turai ba su cika tsayawa a kansa ba. Rubutun boko na Hausa mai gaskiya ne gwargwado, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, saboda haka mai disleksiya yana iya lallaɓawa ya karanta Hausa, a hankali dai, yana haɗa gaɓa da gaɓa. Ko a nan ma akwai tarko, tun da rubutun ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: gari na zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan jariri da kukar miya, sai mai karatu ya kai ƙarshen jimla ya san wanne ake nufi, mai karatu a hankali kuwa kafin ya kai ƙarshen ya manta farkon. Ingilishi, wanda shi ne harshen koyarwa da jarrabawa a sakandare, yana cikin harsunan da rubutunsu ya fi saɓa wa furucinsu. Harafin da yaro ya koya a farkon ciki da cokali, a Ingilishi wani lokaci ka ne, wani lokaci sa, kuma wasali ɗaya yana iya fita da sauti uku ko huɗu. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram yana fama da Faransanci mai haruffan da ake rubutawa a ƙarshen kalma ba a furta su. Wani abu da yake ƙara rikita iyaye shi ne yaron yana iya zama gwani a hadda, ya riƙe sura mai tsawo daga bakin malam, sai su ce mai wannan kai ba zai kasa karatun boko ba sai don lalaci, alhali riƙe abin da kunne ya ji daban, warware baƙaƙen da ido ya gani daban.

Akwai kuma diskalkuliya, wahalar fahimtar adadi da lissafi, da wahalar rubutun hannu, inda yaro ya san amsa amma hannunsa ba ya bin kansa. A ajin da rabin darasi yake ƙarewa a kwafar rubutu daga allo kafin a goge, wannan ta ƙarshen ita kaɗai ta isa ta kayar da ɗalibi a kowane fanni.

Sai dai wajibi ne a yi taka-tsantsan, domin a makarantun gwamnati da yawa na arewacin Nijeriya ɗaliban aji ɗaya na sakandare da ba su iya karatu ba sun wuce 5 ko 10 cikin 100 nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu ba wata larura suke da ita ba, ba a koya musu ba ne. Sun taso a ajin da ya ninka adadin 35 zuwa 40 da manufar ilimi ta ƙasa ta yanka wa malami ɗaya, ko sun yi ta fashin makaranta saboda talla da gona da gudun hijira. Kafin a ambaci sunan kowace larura, akwai tambayoyi masu sauƙi da ya kamata a fara da su: shin yaron yana ganin allo, shin kunnensa yana ji sosai ko ya taɓa yin ciwon kunne mai ruwa, shin ya karya kumallo, awa nawa yake barci. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da ciwon sikila, da ƙarancin jini, da farfaɗiya mai zuwa kamar ɗaukewar hankali na 'yan daƙiƙoƙi, duk suna iya barin yaro da alamomin da suka yi kama da waɗanda aka bayyana. Gubar dalma ma haka. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, kuma dalma ko kaɗan ce a jini tana rage natsuwa da fahimta, waɗanda suka tsira daga wancan bala'i suna ƙanana kuwa tuni suka kai shekarun sakandare. Hanyar da ta fi dacewa a bambanta wanda ba a koya wa ba da mai larura ita ce a koyar da su duka da kyau na wasu watanni a ga wanda ya tashi. Wanda ya rage a baya duk da kyakkyawar koyarwa, shi ne yake buƙatar a zurfafa bincike a kansa.

Barin abin yadda yake yana da tsada. Masanin karatu Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda tazara take faɗaɗa da kanta: wanda ya iya karatu yana yawan yi, yana ƙara sanin kalmomi, karatun yana ƙara masa sauƙi, wanda bai iya ba kuwa yana gudunsa, sai ya ƙara zama baya. A shekarun balaga kunya tana shiga cikin lamarin, kuma ɗan shekara 13 ya gwammace a ce da shi gagararre da a ce da shi daƙiƙi, saboda haka ranar da ya san za a tashe shi karatu a gaban aji sai ya nemi rigimar da za ta sa a kore shi waje. Daga nan sai tsallake katanga, sai barin makaranta, ga yarinya kuma sai a ce tun da boko ya ƙi ta gara a yi mata aure. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna matasan da larurar natsuwa ta bi su ba tare da kulawa ba sun fi shiga haɗarin shaye-shaye, abin da bai kamata ya wuce kunnen al'ummar da ta ga ɓarnar kodin da taramol ba. Magunguna biyu da makarantu suka fi sabawa da su, bulala da maimaita aji, babu wanda yake taɓa tushen ciwon: bulala ba ta faɗaɗa tunanin wucin-gadi, wanda ya maimaita aji kuma darasin bara ake sake karanta masa ta hanyar da ta gagare shi bara, a tsakiyar ƙannensa.

Ta fuskar doka, Amurka ta kafa dokar ilimin yara masu naƙasa a 1975, wadda aka sake wa suna a 1990, kuma a ƙarƙashinta duk ɗalibin da aka tabbatar yana da buƙata ta musamman sai an rubuta masa shirin koyarwa nasa na kansa, wanda malamai da iyaye suke zama su tsara, a riƙa duba shi kowace shekara. A 1994 gwamnatoci 92 suka amince a Salamanka ta ƙasar Sifaniya cewa makarantar kowa ita ce ta fi dacewa da irin waɗannan yara, gwargwadon iko. Nijeriya tana da manufar ilimin masu buƙata ta musamman ta 2015, da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a farkon 2019, tana da kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo, da sassan nazarinsa a jami'o'i irin su ta Jos da ta Bayero, da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano. Amma a aikace idan aka ce ilimi na musamman abin da yake zuwa zukatan jama'a makafi ne da kurame da guragu, naƙasar da ido yake gani. Wanda larurarsa ba ta da sanda ba ta da keke yana zaune a ajin kowa, babu wanda ya ƙirga shi.

Abin da yake ba da ƙarfin gwiwa shi ne mafi yawan gyaran da ake buƙata ba na kuɗi ba ne, na tsari ne, kuma ya fara daga mayar wa yaro abin da tsallakowa daga firamare ta ƙwace masa, wato babban mutum guda da ya san shi. Kowane aji yana da malamin da aka damƙa wa kula da shi, wanda ake kira fom masta, sai dai a wurare da yawa aikinsa ya tsaya a kiran suna da cike takardar sakamako. Idan ya ware minti biyar da safe ya duba cewa ɗalibai huɗu ko biyar da ya sani sun zo da littattafan ranar, da minti biyar kafin a tashi ya tabbatar sun rubuta jingar da aka ba su a littafi guda, ya ɗauke musu rabin nauyin da yake kayar da su. Akwai dabarar da bincike ya tabbatar da amfaninta, wato katin rahoton kullum: ana zaɓar halaye biyu ko uku ƙanana kuma bayyanannu, kamar zama har ƙarshen darasi ko kammala rabin aikin aji, kowane malami ya sa alama a ƙarshen darasinsa, yaro ya kai gida, iyaye su yaba ranar da ta yi kyau. Amfaninsa yana cikin kusancin sakamako da aiki, domin mai wannan larura alkawarin ƙarshen zango bai dame shi ba, abin da zai faru kafin azahar shi yake motsa shi.

A cikin darasi kuma, a zaunar da shi gaba, nesa da taga da ƙofa, a ba da umarni ɗaya bayan ɗaya, a rubuta shi a gefen allo ya zauna, a yanka dogon aiki gunduwa-gunduwa. Mai yawan motsi a ba shi motsin da yake halal, shi ne mai goge allo, shi ne mai raba littattafai, shi ake aika ofis ɗauko alli. Wanda kwafar rubutu take gagararsa a bar shi ya saurara, ya karɓi littafin abokinsa daga baya, kuma kada a tashe shi karatu a gaban aji ba shiri. Idan ana so ya karanta, a ba shi sakin layin tun jiya. A jarrabawar makaranta ana iya ƙara masa lokaci, kamar yadda hukumomin jarrabawa na Ingila suka saba ƙara kwatan lokacin ga masu irin wannan buƙata, ko a karanta masa tambaya, tun da a darasin kimiyya sanin kimiyya ake son a auna. Wasu malamai suna ganin wannan son kai ne, amma babu wanda ya taɓa cewa a cire wa ɗalibi tabarau a ɗakin jarrabawa don a yi adalci.

Duk waɗannan sassauci ne, ba su koya wa kowa karatu ba, kuma a nan ne makarantu suka fi yin sakaci, saboda malamin sakandare yana ganin koyar da baƙi da wasali ya yi masa ƙanƙanta. Ɗan shekara 13 da bai iya karatu ba sai an koma da shi tushe, a ƙaramin rukuni, kullum ko kusan kullum, na minti 30 zuwa 40, a bi sautuka ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, da littattafan da ba za su ci mutuncin shekarunsa ba. Hanyar da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka gina a Amurka a shekarun 1930 ta dogara ne a kan haɗa ido da kunne da baki da hannu a lokaci guda, yaro ya ga harafi, ya furta shi, ya bi shi da yatsa, ya rubuta. Wanda ya san makarantar allo zai ga ba baƙon abu ba ne, tun da a can ma da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, almajiri yana bin rubutu da yatsa yana faɗa da ƙarfi, ba a wanke allo sai ya iya. Kuma ya fi sauƙi a fara ɗaura sauti a kan harafi da Hausa, harshen da yaron yake ji, sannan a tsallaka da shi Ingilishi ana nuna masa inda biyun suka saɓa. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, na raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke, a koyar da su awa ɗaya ko biyu a rana a wannan matsayi, an gwada shi a makarantun firamare na wasu jihohi ciki har da Kano da Borno, kuma babu abin da zai hana a ɗauki dabararsa zuwa zangon farko na aji ɗaya na sakandare.

Batun magani yana buƙatar a faɗe shi a fili. Disleksiya ba ta da ƙwaya, koyarwa ce maganinta. Larurar natsuwa kuwa tana da magunguna, tun daga 1937 da likita Charles Bradley ya lura a wani asibitin yara a Amurka cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa yara masu fitina su natsu su yi aikin makaranta, kuma babban gwajin da aka yi da yara 579, aka wallafa a 1999, ya nuna maganin da likita yake bibiya da kyau yana rage alamomin sosai. Amma yana iya rage cin abinci da barci, yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, kuma likitan ƙwaƙwalwa ko na yara ne ya kamata ya rubuta shi bayan ya ji daga iyaye da malamai, a wurare irin su asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da suke Kaduna da Kware da Maiduguri. Iyaye da yawa suna ƙyamar waɗannan wurare don kada a ce ɗansu ya taɓu, sai su tsaya ga tofi da rubutun sha. Addu'a ba ta hana ganin likita, abin gudu shi ne zuwa kemis a sayo ƙwayar barci don yaro ya zauna wuri ɗaya.

A gida, abin da ake buƙata daga iyaye, ko da su kansu ba su yi boko ba, shi ne lokaci tsayayye na jinga, gajere, minti 15 a huta a dawo, da haɗa jaka tun da dare, da kwanciya da wuri, da kuma barin yaro ya riƙe abu guda da ya ƙware a kai, ɗinki ne ko gyaran waya ko kiwo ko ƙwallo, ba tare da an mayar da hana shi abin horo ba duk ranar da sakamako ya yi muni. A ƙarshen aji uku, idan an rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kwalejin fasaha da koyon sana'a zaɓi ne mai daraja, muddin yaron ne ya karkata can bayan an koya masa karatu, domin makaniken yau ma sai ya karanta abin da na'urar gwajin mota ta rubuta masa.

Akwai kuma wata 'yar takarda da rashinta yake jawo asarar shekara guda. Malamin aji shida na firamare ya san ɗalibansa ciki da bai, amma saninsa yana tsayawa a bakin ƙofar makarantarsa, sai malaman sakandare su shafe zango biyu ko uku kafin su gano abin da shi ya sani tuntuni, a lokacin kuwa sunan daƙiƙi ya riga ya bi yaron. Shafi ɗaya ya isa, a rubuta matsayin karatun ɗalibi da Hausa da Ingilishi, da wurin zaman da ya fi yi masa, da ciwon da ya taɓa yi, da abin da ya iya, a haɗa da takardar shaidar kammala firamare, ya isa hannun fom masta a makon farko, kafin a raba kujeru.